Albarkar da Ban Sa Ba

Sadiku da Ummi, wannan babin naku ne, ku da 'ya'yanku. Kuna ƙanana lokacin da abin ya faru, amma na san kun sha gori a kansa, a islamiyya, a gidajen suna, har can Kano idan an kai ku hutu. Kun taso kuna jin ana cewa uwarku ta sayar wa Turawa bakinta. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa buɗe muku cikina ba. Yanzu gwiwa ta fara ƙin hawa bene, wadda maganar ta shafa tare da ni kuma ta ce in faɗa, don haka ga yadda aka yi.

A shekarar da aka rage ma'aikata a gidan rediyon da nake aiki ne. Na daɗe ina magana da mutanen Arewa daga nan Landan, ina shirin mata da na kiwon lafiya, har ta kai in na buɗe baki a kasuwar Deptford wajen sayen kuka da daddawa, sai wani baƙo ya waiwayo ya ce, "Hajiya Asabe, ashe ke ce!" Rana ɗaya aka ce mu zauna a gida. Babanku yana fita aikinsa na council, wato ƙaramar hukuma, ku kuna makaranta, ni ina zaune a Catford daga ni sai bango. Yayarku Nana ta riga ta gama jami'a, ta ƙi aikin ofis duk da faɗan babanku, ta faɗa harkar fim. Da dafa wa mutane shayi da ɗaukar kaya ta fara, a hankali har ta samu shiga ɗakin da ake yanka fim ana haɗawa, ta zama mai taimaka wa edita. A ƙasar nan mai aikin fim ba shi da ubangida na dindindin. Fim ya ƙare, aiki ya ƙare. Sai in wanda ya ji daɗin aiki da kai ya ambace ka a wajen wani, sannan wayarka za ta sake ƙara. In kuwa aka ce kai mai wuyar sha'ani ne, ba wanda zai kore ka, wayar ce kawai za ta yi shiru har abada. Nana ta sha faɗa mini wannan, ni kuwa ina jin sa kamar labarin wata ƙasa.

Wata ranar Asabar ta same ni a kicin. Kun san ta, da Turanci take amsa mini tun tana yarinya, sai in tana neman wani abu take lalubo Hausarta.

"Mama, ana neman dattijuwa mai jin Hausa sosai. Na ba da sunanki."

"A ina?"

"A fim ɗin da za mu fara. Uwa za ki fito. Ba rawa, ba waƙa, ba cire mayafi."

Labarin wata Baturiya ce ma'aikaciyar jinya da 'yan bindiga suka rutsa da ita a wani ƙauye a Arewa, wata tsohuwa ta ɓoye ta a ɗakinta. Ɗan tsohuwar kuwa yana cikin 'yan bindigar. Ni ce tsohuwar. Babanku ya ce ba inda za ni sai ya karanta labarin da idonsa. Ya kwana biyu a kansa da tabarau, ya kira ni.

"In dai abin da ke rubuce a nan ne, je ki. Matar nan ta fi mazan garin duka. Amma Asabe, muryarki ba taki ce ke kaɗai ba. Mutane sun saba gaskata ta."

Sutudiyon yana can yamma da Landan, sai an fita gari. Wasu manyan zauruka ne marasa taga, a cikin ɗaya aka gina tsakar gida irin tamu, da katangar ƙasa, da randa, da turmi, har da tabon hayaƙi a bango. Da na taɓa katangar na ji katako ne da soso. Wata tsohuwa mai suna Doreen ce ke yi mini kwalliya kowace safiya, tana ƙara mini furfura da tamoji, kuma bakinta ba ya rufuwa. Ubanta ya yi aikin fitilu a wurin, kakanta kafinta ne a wurin. Ita ta ba ni labarin yadda a da zaurukan nan ba sa hutawa, har talabijin ya shigo gidaje mutane suka daina zuwa sinima, aka rufe wasu aka mai da su wurin ajiye kaya, daga baya Amurkawa suka zo da kuɗinsu aka sake kunna fitilu. Ta ce a zamanin kakanta in za a yi fim ɗin Afirka, bakin tashar jiragen ruwa ake zuwa a kwaso baƙaƙe, da ɗalibai masu neman na abinci, a tuɓe musu riga a ba su mashi, a ce su yi ta ihu da kowane irin yare, ai ba mai ganewa. "Yanzu kam an waye," in ji ta. Na yi dariya, na yarda da ita.

Daraktar wata matashiya ce, Helen, fim ɗinta na biyu ke nan. Tana da kunya da ladabi, ba ta taɓa sa ni faɗin kalmar da ban yarda da ita ba. In na ce Bahaushiya ba za ta faɗi haka ba, sai ta ce to yaya za ta faɗa. Babban wurin da na fito shi ne inda ɗan ya zo yin sallama zai tafi kai hari, ya durƙusa a gabana, na ɗora hannu a kansa ina roƙonsa kada ya je. Na ce masa in ya zubar da jinin wani ban yafe masa nonon da ya sha ba. Helen ta ajiye kyamarar a bayana, ba a ganin fuskata, sai ƙeyata da mayafina da hannuna a kan yaron, don fuskarsa take son a gani lokacin da maganar ke shigarsa. Da aka ce an gama, na ga Doreen tana share ido alhali ba ta jin ko kalma ɗaya. Na koma gida ranar ina jin na yi wani abu a duniya.

Aka yi watanni shiru. Nana tana fita da safe ta dawo a gajiye, ba ta cika magana ba. A tsakanin nan ne maganar aurenta da Dakta Mukhtar ta kankama, iyayensa suka aiko daga Katsina, aka sa rana bayan babbar salla. Na ɗauka hidimar ce ta sa ta rama.

Sai ranar da ta ce ana son in zo unguwar Soho in sake ɗaukar wasu maganganu. Wannan ba baƙon abu ba ne, kusan kowane fim ana yi: in iska ko ƙarar fitila ta ɓata murya, sai a kira mutum wani ɗaki ya sake faɗa yana kallon kansa a allo. Muna cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta kasa haɗa ido da ni. Sai da muka fito muna tafe a ƙasa ta tsaya a bakin wani shago.

"Mama, akwai abin da ya canja."

Ni a zatona darakta ce mai fim. Ashe fim a ƙasar nan kamar gudunmawar biki yake. Hukumar da ke raba kuɗin cacar ƙasa ta kawo nata, wani gidan talabijin ya kawo nasa, gwamnati ta yi rangwamen haraji, amma kaso mafi tsoka daga kamfanin da zai sayar da fim ɗin a ƙasashen waje ya fito. Wanda ya fi zubawa kuwa shi ke da maganar ƙarshe a kan yadda za a yanka. An tara mutane daga titi an nuna musu fim ɗin don gwaji, aka tambaye su ra'ayi. Suka ce tsakiyarsa ba ta da tsoro, tun da Baturiyar ta shiga ɗakin tsohuwa hankalinsu ya kwanta. Sai masu kuɗin suka ce a mai da tsohuwar maciya amana: ta ɓoye baƙuwar ne don ta miƙa ta ga ɗanta. Ba sai an sake ɗaukar komai ba. Ai ba a ganin bakina.

Ɗakin ƙarami ne, a rufe ruf, bangonsa da laushi kamar katifa. Ga makirufo a tsaye, ga allo, bayan gilashi kuma ga mai haɗa sauti, da Helen, da furodusan, wani dogo mai fara'a da ake kira Graham. Nana ta raɓe a kusurwa. Aka nuna mini ƙeyata da hannuna a kan yaron, aka miƙo mini sabon abin da zan faɗa da Turanci, wai in mai da shi Hausa yadda ya fi daɗi. Uwa ce ke sa wa ɗanta albarka, tana ce masa ya je ya gama da su, kada ya bar ko ɗaya.

Na karanta, na sake karantawa. Na ji ɗakin yana matse ni.

"Wannan ba shi ne labarin da na yarda da shi ba," na ce.

Graham ya danna abin magana, murya a sanyaye. Ya ce ya fahimce ni, shi ma ya fi son na farkon. Ya ce amma in ba a yi haka ba kamfanin zai janye, fim ɗin ba zai fito ba sam, aikin mutane fiye da ɗari ya tafi a banza. Ya ce layi biyu ne kawai.

"Kai a wajenka layi biyu ne. A wajenmu albarkar uwa ba abin wasa ba ce. Akwai matan da aka kashe wa 'ya'ya da wannan muryar suka saba jin yadda za su yi wa jariri wanka. Ba zan sa wa kisa albarka da ita ba."

Na dubi Helen. Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Da ƙyar ta ce ta yi iya faɗanta, ba a hannunta abin yake ba. Graham bai ɗaga murya ba. Ya tuna mini cewa a kwantiragin da na sa wa hannu, suna da ikon yanka aikina yadda suka ga dama, har su ɗora muryar wani a kan jikina. Na san da wannan, an karanta mana, ban dai taɓa tsammanin ga inda zai kai ba.

"To ku ɗora," na ce. "Jikin na sayar muku. Bakin nawa ne."

Na ɗauki jakata. Nana ta biyo ni har titi, fuskarta kamar an watsa mata toka.

"Mama, ni na kawo ki. Kin san abin da za a ce a kaina?"

"Na sani."

"Helen ta ce za ta tafi da ni fim ɗinta na gaba. It's just a film, Mama! Ba wanda zai mutu."

"An riga an mutu, Nana. Shi ya sa."

Ta juya ta koma ciki, ni na nufi tasha. Da na faɗa wa babanku ya ce na yi daidai, ya ce da na faɗa da bai san da wane ido zai kalli mutane a masallaci ba. Ya ce Nana ta bar musu aikin ma gaba ɗaya. Ta ƙi. Gidan ya zama kamar gidan makoki, kowa na tafiya a hankali. Ku ba za ku tuna ba, Ummi ce dai ta taɓa tambayata ko wani ne ba shi da lafiya. Bayan kamar mako biyu na tambayi Nana yadda aka ƙare. Ta ce an warware, sun samo wata. Ban ƙara tambaya ba.

Al'adarsu ce kafin fim ya fita a tara waɗanda suka yi aikinsa a nuna musu, yawanci ranar Lahadi da safe lokacin da sinima ba kowa. Babanku ya ce ba zai taka ba. Ni na ce sai na ga abin da aka yi da jikina. Na zauna kusa da Doreen, Nana tana can gaba da abokan aikinta. Aka kashe fitilu. Na ga randa, na ga turmi, na ga kaina ina jan Baturiyar cikin ɗaki. Na san inda aka dosa. Yaron ya durƙusa. Hannuna ya sauka a kansa. Sai na ji:

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tashi ka je."

Da farko na ɗauka ni ce. Wallahi na ɗauka wani abu suka tsinto a cikin maganganuna suka haɗa. Muryata ce, nauyinta, inda take karyewa. Sai dai kalma ɗaya. Ba "ɗana" aka ce ba, "dana" aka ce, harshen bai naɗe ba. Mutum ɗaya na sani a duniya mai muryata da wannan harshen. Tun tana 'yar shekara goma sha wani abu in ta ɗauki waya 'yan uwana suke fara gaishe ta suna zaton ni ce. An ɗan ƙara wa muryar kauri da na'ura, an lulluɓe ta da kiɗa, amma uwa ba ta ɓatan kukan ɗanta. A ƙasan allon kuwa an rubuta da Turanci: ka gama da su, kada ka bar ko ɗaya.

Ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba. Na dai ji ana tafi. Na dubi gaba, kowa ya miƙe yana rungumar na kusa da shi, ƙeya ɗaya ce ba ta motsa ba.

A jirgin ƙasa na komawa Catford muka zauna muna fuskantar juna. Sai da muka haye kogi ta yi magana, kuma da Hausa, tana tuntuɓe.

"Sun samo wata mata, Mama. Ta faɗi duka, har da kashewar. Na ce su bari ni in yi. Na cire kisan. Na ce tashi ka je kawai."

"An rubuta shi a ƙasa."

"Ba ni na rubuta ba."

"Don ki cire kisan kika yi?"

Sai da muka wuce tasha guda ta ce:

"Na ji tsoro. Graham ya daina gaishe ni. Na ga komai yana tafiya."

Na so in mare ta a cikin jirgin nan, ban taɓa marin ta ba kuwa. Na so kuma in jawo ta jikina. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, in aka san ita ce fa? Tsohuwa ta yi abin kunya a fim, a zage ta shekara biyu a gaji. Amma yarinyar da ta saci muryar uwarta ta sa mata magana a baki bayan uwar ta ƙi, wannan tabon ba ya wankuwa. Mutanen Katsina za su karɓi kayansu. Babanku kuwa kun san zuciyarsa, in ya buɗe baki a kanta cikin fushi, abin da zai fito ba ya komawa. Kuma ba zan iya cewa muryar wata ce ba, don duk wanda ya san gidanmu zai tambaya: wace ce mai muryar Asabe in ba 'yarta da ke aiki a ɗakin haɗa fim ɗin ba?

"Ba za ki faɗa wa kowa ba," na ce. "Ko Mukhtar. Ko babanki."

"Mama..."

"Ban tambaye ki ba. Umarni ne."

Fim ɗin bai yi wani tashe a sinima ba, mako kaɗan aka sauke shi. Amma wani ya yanko wurin nan kaɗai, ƙeyata da hannuna da rubutun Turancin, ya ɗora sunana a kai ya saka a waya. Kafin Juma'a ya zaga Kano da Kaduna da Maiduguri ya dawo Landan. Yayana ya kira daga Kano bai ko amsa gaisuwata ba, ya ce in da ran mahaifiyarmu da wannan ya kashe ta. Wata mata da ban sani ba ta aiko mini da saƙon murya tana kuka, ta ce an kashe mata 'ya'ya biyu, ta ce da tana kunna shirina tana jin kamar yayarta ce ke magana. Wannan saƙon har yau yana kunnena. Ƙungiyar matanmu ta nan da nake shugabanta suka ce in ɗan huta. Hajiya Kande, aminiyata da muka yi goyon ku tare, ta tare ni a bakin shagon nama a Deptford.

"Maman Nana, me ya kai ki? Har harshenki ya karye kamar na yaran nan. Nawa suka ba ki?"

Na ce, "Ƙaddara ce, Hajiya."

"Ƙaddara? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Da kin tambaye mu."

Duk wannan mai sauƙi ne a kan na cikin gida. Babanku a masallaci aka nuna masa. Ya shigo da wayar a hannu, ya rufe ƙofar falo, ya kunna mini.

"Kin ce mini kin ƙi."

Ya sake cewa:

"Asabe, ina tambayarki. Komawa kika yi a bayan idona?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Tunda muka yi aure ban taɓa yi masa ƙarya ba, ranar ma ban yi da baki ba, amma na bar shi ya tafi da ita. Ya daɗe yana kallona. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Daga ranar ya daina cin abincina. Zai dawo daga aiki da ledar abincin shago, ya zauna a teburin da na jera masa tuwo da miya, ya ci nasa, ya wanke cokalinsa. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da maganar hidimar biki. Kullum ina girkawa, kullum ina kwashewa. Nana tana gani. Sau da yawa takan miƙe kamar za ta yi magana, in harare ta, ta koma ta zauna. Mutanen Katsina sun yi ta ƙananan maganganu, har wata gwaggon ango ta ce a sake shawara, amma uban Mukhtar ya ce su 'yar suka nema ba uwar ba, kuma laifin uwa ba ya hawa kan 'ya. Da aka kawo mini wannan maganar na shiga bayi na rufe ƙofa, ban san dariya nake ko kuka ba.

Haka muka kai ranar ɗaurin aure. Juma'a ce, bayan salla za a ɗaura a masallaci. Gidan cike da mata tun safe, ana suyar kaji, ku kuna ta guje-guje a kan bene. Babanku yana ɗakinsa yana shirin sa babbar riga. Ina kicin sai na hango Nana ta sauko, lalle a hannu, ba ko ɗankwali, ta nufi ƙofarsa. Na kira ta. Ta waiwayo ta dube ni, ta ce da Hausa:

"Ba zai ba da ni yana zaton abin da yake zato ba."

Ta shiga ta rufe.

Na tsaya da ludayi a hannu. Baƙi sun cika gida, ango da mutanensa suna hanya, liman yana jira. In ya ce ya fasa fa? In ya ɗaga murya matan nan suka ji fa? In ya yi mata baki a ranar aurenta? Hajiya Kande tana tambayata inda gishiri yake, ina kallon bakinta ban gane me take cewa ba. Na kasa kunne. Ba ihu, ba kuka, ba komai. Da an yi ihu da na fi samun sauƙi. Mai ya ƙone a kasko har hayaƙi ya tada ƙararrawar gobara, Sadiku ya hau kujera yana kaɗa mata tawul, ni ban motsa ba.

Ƙofar ta buɗe. Shi ya fara fitowa, da 'yar ciki kawai, ba hula. Idanunsa sun yi ja. Ya juya ya ce wa na cikin ɗakin, a hankali:

"Tashi ki wanke fuskarki. Mutane na jira."

Sannan ya ratso falo, matan suna ta kauce masa, ya shigo kicin, wurin da rabonsa da shi tun ranar wayar nan. Ya tsaya a gabana. Ya dubi tukwanen biki jere, shinkafa da kaji da alkaki, ya kawar da kai.

"Asabe," ya ce, "akwai sauran tuwon jiya?"

Na ce akwai. Na ɗumama masa. A nan tsaye ya ci shi, a gaban matan Catford duka, ya suɗe kwanon tas, sannan ya je ya sa rigarsa ya aurar da 'yarsa.